Kada Mu Taya Masifa Aiki: Gargaɗi Ga Mutanen Dutsin-Ma Da Kurfi

Duk shekara manyan ƙasashe na taruwa su lissafa abubuwan da ke barazana ga ɗan Adam da doron ƙasa: ɗumamar yanayi, annoba, makaman ƙare-dangi, ƙarewar dazuzzuka da ruwan sha, da magungunan da suka fara daina ci. Manomin Wurma ko na Karofi yakan ji wannan a rediyo ya ɗauka zancen Turawa ne. To, namu ne. Shekarar 2024 ta zo da zafin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafin zafin duniya, kuma wanda ya yi azumin wannan shekarar a Dutsin-Ma ba ya buƙatar masani ya gaya masa. Gaskiya ne hayaƙin da Afirka gaba ɗayanta ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na abin da ke ɗumama duniya ba. Makamin nukiliya kuwa ko ɗaya ba mu da shi. Amma akwai kason ɓarnar da hannunmu ke yi, a gona da bakin ruwa da kemis da kasuwa, kuma a kansa zan yi magana ba tare da sassauci ba.

Kada ka sare gawo. Ko a gonarka yake, ko gadonsa ka yi. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma su ne abincin tumaki da awaki a tsakiyar rani lokacin da babu ko tsinken ciyawa. Kowane tsoho ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da cika. Haka kuka da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya da aduwa: wanda ya kayar da ɗaya don kuɗin cefanen mako guda ya cinye abin da sai jikansa zai iya mayarwa.

Kada ka zama dillalin gawayi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, gidajen birni da suka daɗe da barin murhu suka koma wa gawayi, marke da ƙirya kuma suka shiga uku. Ba na ganin laifin matar da ke neman abin da za ta dafa wa yara tuwo. Laifin na mai cika babbar mota ne, da wanda ya sa masa hannu ya wuce. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Saboda tsaro aka yi, na sani, amma ya nuna cewa idan hukuma ta ga dama tana iya tsayar da motar. Bai kamata sai bindiga ta yi ƙara za a tuna da Dajin Rugu ba. Ke kuma uwargida, ki nemi murhu mai tattalin itace, ko na ƙarfe ko wanda ake ginawa da laka, ki rufe tukunya, ki jiƙa wake kafin ki ɗora.

Ka bar tohon da ya fito a gonarka. Wannan ita ce dokar da na fi so a riƙe, don ba ta cin ko sisi. Idan ka zo sharar gona, kada ka bi kowane kututture da gatari da wuta. Ka zaɓi waɗanda ke da rai, ka bar wa kowanne rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura tsumma a jiki don mai neman itace ya san da mai shi. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta jiran ban-ruwa, shi ya sa toho ke tsere wa dashe. Mutanen Maraɗi sun kira wannan sassabin zamani. Tun wajen 1983 suka fara, tare da wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma an ƙiyasta cewa a Jamhuriyar Nijar an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Su ɗin ma ba baƙi ba ne, Katsinawa ne, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Idan ɗan uwanka da ya fi ka ƙarancin ruwa ya iya, ba ka da hanzari.

Ku masu riƙe da ofis, kada ku yi dashen hoto. Shirin babbar katangar itatuwa ta Afirka tun 2007 aka ƙaddamar da shi, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma dashen da aka yi a watan Agusta gaban kyamara, ba shinge ba mai ba da ruwa, kafin sanyi ya shigo awaki sun gama da shi. Kada ku gaya mana nawa kuka dasa. Ku gaya mana nawa suka ga rani biyu.

Kada ka banka wa daji wuta don gafiya. Kada ka kwashe karan gona ƙaf ka bar ƙasa tsirara. Iskar bazara za ta yi awon gaba da saman ƙasar, wanda shi ne mai albarkar. Ka bar wani abu a kwance, ka kai takin gida tun da rani.

Kada ka yi shuka da yayyafin farko don ka ga maƙwabci ya fita da sungumi. Damina ta sauya hali: takan leƙo ta ɗauke mako biyu ko uku, iri ya ƙone a rami. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da bayanin damina tun farkon kowace shekara. Ka tambayi malamin gona abin da aka ce game da ƙaramar hukumarku, ka saurari rediyo. Ka nemi iri mai saurin nuna, irin geron sosat da waken da ke fitowa daga cibiyar bincike ta Samaru. Kuma kada ka zuba dukan gonarka a masara. Masara 'yar gata ce, sai da takin zamani da ruwa a kan kari, kuma mun ga yadda yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga kuɗin taki har Dutsin-Ma. Gero da dawa da wake su ne suka riƙe kakanninmu.

Kada ka sayar da hatsinka duka da kaka. Ƙasar nan ta san yunwa da sunanta: Kakalaba a 1914, farin 1973, da ta 1984 da aka laƙaba wa 'Yar Buhari. Na san abin da za ka ce, cewa rumbu a ƙauye yanzu ya zama abin ƙonawa ga 'yan bindiga, gara a mayar da shi kuɗi. Maganarka tana da kama. Amma sau da yawa kuɗin kaka ba ya sayen abin da ka sayar idan Yuli ya yi. Ka raba: wani a gida, wani wurin amintacce a cikin gari.

Yanzu ruwa. Allah Ya ba mu abin da ƙananan hukumomi da yawa ke mafarki. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170, sannan aka bar ta kusan shekara 40 kafin a ƙaddamar da aikin ruwan shanta a watan Yulin 2021. Wannan jinkirin kaɗai abin kuka ne. Kada mu ƙara masa da namu. Kada ka yi noma har bakin ruwa. Duk huɗar da ka yi a gaɓa, ruwan sama zai wanke ta cikin dam, yashi ya cika shi a hankali. Ka bar tazara, ka bar ciyawa da itace su riƙe gaɓar. Kada ka wanke famfon feshi a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Masunci, kada ka zuba guba don kifi ya taso, kada ka mayar da gidan sauro koma; yana kwashe har 'ya'yan kifi, ga shi kuma ka bar ɗanka ga zazzaɓin cizon sauro. Tafkin Cadi ya fi Zobe girma nesa ba kusa ba, amma daga shekarun 1960 zuwa na 1980 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa.

Hukumar da ke kula da dam, ku duba bangonsa da mafitar ruwansa kowace shekara kafin damina, ku faɗa wa jama'ar da ke ƙasansa abin da kuka gani. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a 1988. Na Alau ya ɓalle a watan Satumban 2024 ya shanye Maiduguri. Babu wanda zai ce bai ji ba.

Kada ka yi gini a hanyar ruwa, ko da takardar fili a hannunka. Kada ka ce shekara 20 rafin nan bai kawo ba. Ruwan yanzu na iya sauke na wata guda a dare ɗaya. A watan Yulin 2018 ambaliya ta kashe fiye da mutum 40 a Jibiya, a jiharmu, cikin dare. A watan Mayun 2025 ta kashe sama da 150 a Mokwa. Mai unguwar da ya sa hannu aka yanka fuloti a kwari, ya sani da rai yake ciniki. Kada ka jefa ledar fiya wata a kwata. Ita ce ke toshe magudana, ita ce mahauci ke ciro wa dunƙule-dunƙule daga tumbin saniya. Masu tifa kuma su daina ɗibar yashi a gindin gada da gefen gonakin mutane.

Kada ka zuba Sniper a wake. Guba ce, ba a yi ta don abinci ba, kuma saboda irinta Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Turawa sun ƙi, mu muna ci, muna ba yara. Ka busar da wake sosai, ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko a jarka mai murfi da iska ba ta shiga. Ƙwaro zai mutu da kansa. Mai lambu, kada ka yi wa tumatir da kabeji feshi yau ka kai kasuwar Laraba gobe. Ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba, in ba ka iya ba ka sa ɗanka ya karanta maka. Kada ka yi feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, kada ka ba yaro famfo ya goya, kada ka zuba man gyaɗa ko ruwa a robar maganin feshi komai wankin da aka yi mata.

Wanda ke zuwa haƙar zinare, kada ya kawo dutse gida a daka. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, a tsakar gidajen iyayensu aka niƙa ajalinsu.

Kada ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta yadda ka ga dama. Wannan barazana ce da ba ta da ƙara, shi ya sa ba a tsoronta. Duk lokacin da ka sayi kafso biyu a kemis don mura, ko ka fara allura ka bari da ka ji sauƙi, kana koya wa ƙwayar cuta yadda za ta jure maganin. Binciken duniya ya nuna a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda cututtukan da magani ya daina ci. Mai kemis, ka ji tsoron Allah: kada ka yanka katin magani ka sayar da rabi don abin da mutum ke da shi ke nan, ka tura shi asibiti. Mai kiwo, kada ka yi wa saniya allura yau ka sayar da nononta gobe, kada ka ɗura wa kaji magani a ruwa kullum don su yi saurin girma.

Ka kai ɗanka rigakafi, ka cika masa kati. Na san tushen shakkar, gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 bai bar zukata ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya. Amma a wannan shekarar dai sanƙarau ya kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan. Da aka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar. Mashaƙo da ya dawo a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi wa allura ba. Idan amai da gudawa ya shigo unguwa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida, a garzaya asibiti, kada a jira dare. A daina bahaya a fili, a nisanta masai da rijiya.

Kada ki sayar da abincin tamowa. Kada ka saya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a watanni shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda rashin abinci mai gina jiki. Duk ƙunshin da ka gani a faranti a tasha, daga bakin wani yaro aka ciro shi. Maigida, idan ƙafar yaro ta kumbura ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kada ka hana uwarsa kuɗin mota.

Kada ka tura saƙon da ba ka san tushensa ba. A watan Agustan 2014 jita-jitar wanka da shan ruwan gishiri don maganin Ebola ta zaga ƙasar nan a dare ɗaya, har aka rasa rayuka. Yau abin ya fi haka, ana iya ƙirƙirar muryar mutum da hotonsa da kwamfuta. Muryar WhatsApp guda da ke cewa "ga su nan tafe" na iya tayar da gari, ko ta sa a kashe baƙon da ya zo cin kasuwa.

Na zo kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Masana na cewa ƙarancin ƙasa da ruwa na haddasa rikici, kuma makamai sun malalo yankin Sahel bayan rushewar Libiya a 2011. Duk gaskiya ne. Amma kada wani ya ɗora wa yanayi abin da zalunci ya haifa. Fari bai taɓa sayar da burtali ba, mutum ne ya sayar.

Manomi, kada ka cinye burtali, kada ka shuka a labi, kada ka toshe mashaya. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma kafin dokar ma kowane gari ya san hanyar shanunsa. Saniyar da aka toshe wa hanya ta gonarka za ta bi. Makiyayi, kada ka saki dabba kafin a kwashe amfani, kada ka bar wa ƙaramin yaro garke cikin dare, in an yi ɓarna ka tsaya ka biya. Dagaci da alƙali da ɗan sanda, kada ku mayar da shari'ar ɓarna hanyar tatsa. Wanda aka sa ya sayar da shanu uku a kan ɓarnar dami biyu ba ya mantawa, ɗansa ma ba ya mantawa.

Kada ka zama infoma. Kada ka sayi saniyar da ka san kuɗinta bai kai ba. Kada ka kai fetur ko burodi ko ƙwaya daji don ribar ta ninka. Mun ga sakamakon: ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a watan Disamban 2020, kasuwannin dabbobi da aka rufe da layukan waya da aka katse a 2021 har da Dutsin-Ma da Kurfi, gonakin yamma da suka koma saura, mata da yara da ke kwana a kangaye cikin gari. Ɗan sa-kai da jami'in rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Radda ta kafa a watan Oktoban 2023, muna ganin sadaukarwarku, muna yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Amma kada ku kashe mutum don kamanninsa ko harshensa. Wanda kuka kama ku miƙa shi ga hukuma. Bafulatanin da ke zaune lafiya da mu tun kakanni, shi ma an sace masa shanu, shi ma an kashe masa ɗa. Idan aka haɗa shi da ɓarawo aka yi musu kuɗin goro, an yi wa ɓarayi ɗaukar sabbin ma'aikata.

Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita: kuna auna ruwan rijiyoyinmu, kuna gwada ƙasar gonakinmu da kayan kasuwarmu. Kada sakamakon ya tsaya a mujallar Turanci don ƙarin girma. Ku faɗe shi da Hausa, a rediyo, a fadar Yandaka hakimin Dutsin-Ma da ta Maraɗi hakimin Kurfi, a gaban masu rijiyar. Limamai, ku sa sare itace da toshe hanyar ruwa da guba a abinci cikin huɗuba, da sunayensu, kamar yadda kuke ambaton sauran laifuka.

Ku kuma jama'ar Birchi da Tsauri da Rawayau da Makera da Kuki, kada ku karɓi taliya da atamfa ku yi shiru shekara huɗu. Akwai kason kuɗin kula da muhalli da ake warewa daga asusun tarayya, akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa: wane aiki aka yi a mazaɓarmu, a ina yake, nawa aka kashe, wa aka ba kwangila? Ku je a ƙungiya, da dattawa da mata da matasa. Ku rubuta tambayar a takarda, a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe kwafi, ku sa ranar da za ku dawo jin amsa.